Husufin da Ya Raba Gardamar Newton da Einstein

Da safiyar Alhamis, 29 ga Mayu 1919, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya a Principe, wani ɗan tsibiri da ke Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wanda a lokacin yake hannun Turawan Fotugal. A wata gonar koko mai suna Sundy, Turawan Ingila biyu na tsaye kusa da na'urar hangen nesansu, sun zuba wa hadari ido. Ɗaya shi ne Arthur Eddington, shehin malamin ilimin taurari na Jami'ar Cambridge. Na biyun Edwin Cottingham, maƙerin agogo, wanda aka ɗauko don ya kula da injinan da ke juya madubi. Tun watan Maris suka baro gida, kuma abin da ya kawo su na kimanin minti biyar ne kacal: lokacin da wata zai rufe rana ruf, gari ya yi duhu da tsakar rana, taurarin da ke kusa da ita su bayyana.

Tambayar da suka zo da ita gajeriya ce. Hasken tauraron da ya gifta ta gefen rana a hanyarsa ta zuwa duniya, yana wucewa ne a miƙe, ko nauyin rana yana karkatar da shi? In yana karkata, da nawa? Amsoshi uku ke gabansu. Ko dai babu karkata sam, ko sakan 0.87 na kusurwa, wanda shi ne abin da lissafin Isaac Newton ke bayarwa, ko kuma sakan 1.75, wanda Albert Einstein ya faɗa. Sakan na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri guda. Faɗin rana a sararin sama kusan rabin digiri ne, don haka ko adadin Einstein, wanda shi ne babba, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na faɗin ranar ba. A kan wannan ɗan tsirit ɗin bambanci ne fahimta biyu game da ginin sammai suka rabu.

Tambayar ta girmi Einstein da shekara fiye da ɗari da hamsin. A 1687 Newton ya fitar da dokar jan nauyi: kowane jiki yana jan kowane jiki, jan yana ƙaruwa da yawan nauyi, yana raguwa da nisa. A 1704, cikin jerin tambayoyin da ya rufe littafinsa na Opticks da su, ta farko ita ce ko jikkuna suna taɓa haske daga nesa har su lanƙwasa shi. Bai amsa ba, amma ya bar ƙofa a buɗe, domin a ganinsa haske ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu. Kuma tun zamanin Galileo an san cewa abu mai nauyi da marar nauyi faɗuwarsu ɗaya ce in babu iskar da za ta tare su. Ke nan komai ƙanƙantar ƙwayar haske, dole ita ma ta faɗi wajen rana kamar yadda dutse zai faɗi.

John Michell, wani limamin coci a yankin Yorkshire, ya bi wannan tunani har ƙarshensa a 1783. Ya lissafa cewa tauraron da kaurin jikinsa ya yi daidai da na rana, amma ya ninka ta faɗi sau 500, zai riƙe haskensa ya hana shi fita, ya zama ba a ganinsa. Abokinsa Henry Cavendish ya rubuta lissafin karkatar haske a wata 'yar takarda, ya ajiye cikin tarkacensa, ba a buga ta ba sai a 1921. Wanda ya fara fitar da adadi a bainar jama'a shi ne Johann Georg von Soldner, ɗan manomi daga Bavaria da ke aiki a ɗakin duban taurari na Berlin. Ya rubuta maƙalarsa a 1801, ya sami sakan 0.84.

Lissafin ba shi da wuyar bi. Haske na gudun kilomita 300,000 a sakan guda, faɗin rana kuwa kusan kilomita miliyan 1.4, don haka cikin sakan biyar ya keta gefenta ya wuce. Jan nauyi a fuskar rana ya ninka na duniya sau 28. In aka tara dukan jan da ƙwayar hasken ta sha, tun tana tahowa har ta yi nisa, za a ga ta sami gudun kusan kilomita 1.3 a sakan zuwa ɓangaren rana. A kwatanta 1.3 da 300,000, sai kusurwar ta fito: sakan 0.87 da alƙaluman yau. Soldner ya ga cewa na'urorin zamaninsa ba za su iya kama wannan ba, ya koma kan aikin da ya yi suna da shi daga baya, wato awon ƙasar Bavaria.

Daga nan maganar ta kwanta. Thomas Young a Ingila da Augustin Fresnel a Faransa suka nuna cewa haske yana tafiya ne a matsayin igiya mai kaɗawa, James Clerk Maxwell kuma ya tabbatar da cewa igiyar ta lantarki da maganaɗisu ce. Dokar Newton ta yi magana a kan jikkuna masu nauyi, ba ta ce komai a kan igiya ba. Masana ƙarni na 19 suka ɗauka haske ba ruwansa da jan nauyi, maƙalar Soldner ta shiga kwandon mantuwa.

Einstein ya shigo ta wata ƙofa daban. A 1907, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern a Suwizalan, ya lura da cewa mutumin da ke faɗowa daga sama ba ya jin nauyin jikinsa. Ya juya maganar: mutumin da ke cikin rufaffen ɗaki can a sarari, nesa da kowace duniya, in ana fizgar ɗakin sama gudunsa na ƙaruwa, zai ji ƙafafunsa sun danne daɓe, ba zai iya bambanta hakan da jan nauyi ba. To, a ce haske ya shigo ta wata kafa a bango ɗaya. Kafin ya isa ɗaya bangon, ɗakin ya ɗan ɗaga, sai hasken ya sauka ƙasa da inda ya nufa. Na cikin ɗakin zai ga haske ya lanƙwasa. Tunda babu bambanci tsakanin wannan ɗaki da wurin da ke da jan nauyi, dole jan nauyi ma ya lanƙwasa haske, ƙwaya ne shi ko igiya.

A 1911, yana koyarwa a Prague, ya fitar da adadi: sakan 0.83. Hanyarsa daban da ta Soldner, amma wuri ɗaya suka sauka. Ya roƙi masana taurari su auna. A 1913 ya rubuta wa George Hale na ɗakin duban taurari na Dutsen Wilson a Amurka yana tambaya ko za a iya ganin taurarin kusa da rana da rana tsaka. Hale ya ce masa hasken sama ya yi yawa, sai dai a jira husufi.

Sau biyu aka yi shiri, sau biyu abin ya ci tura. A Oktoba 1912 Charles Perrine ya taso daga Cordoba ta Ajantina zuwa garin Cristina a Birazil da kayan aikinsa, ruwan sama ya hana shi ganin komai. A 1914 wani matashin masani na Berlin, Erwin Freundlich, ya tara kuɗi da ƙyar ya nufi Kirimiya don husufin 21 ga Agusta. Yana can Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamus da Rasha suka zama abokan gaba, aka tsare shi, aka riƙe na'urorinsa, sai da aka yi musayar fursunoni ya koma gida. William Campbell na ɗakin duban taurari na Lick, da yake Ba'amurke ne, an bar shi ya kafa kayansa kusa da Kiev, gajimare ya rufe masa rana. Da ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ta yi nasara, awon kuma ya yi kyau, da an sami ninkin abin da Einstein ya faɗa, da kuma an rubuta cewa ya yi kuskure. Ruwa da yaƙi suka ba shi lokacin da ya gyara lissafinsa da hannunsa.

Gyaran ya zo a Nuwamba 1915 a Berlin, bayan shekara takwas yana fama da lissafi mai tsauri. A ka'idarsa ta dangantaka, jan nauyi ba wani ƙarfi ba ne da ke miƙo hannu daga rana. Nauyin rana yana sauya yanayin sarari da lokacin da ke kewaye da ita, kowane abu kuma yana bin hanyar da ta fi miƙewa a cikin wannan sarari da ya lanƙwashe. Sauyin iri biyu ne. Na farko, lokaci yana tafiya a hankali kusa da babban nauyi: agogon da ke fuskar rana zai riƙa yin baya da kusan minti ɗaya a shekara in an kwatanta shi da na nesa. Na biyu, awon tazara ma yana sauyawa: hanyar da ta ratsa kusa da rana ta fi tsawon da lissafin shimfiɗaɗɗen fili zai bayar. Ga mai kallo daga nesa, kowanne daga cikin biyun yana sa gefen hasken da ke kusa da rana ya makara a kan gefen da ke nesa da ita, sai hasken ya juyo, kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta faɗa yashi, ɗayar na kan tsandauri.

A 1911 Einstein ya lissafa jinkirin lokaci kaɗai, shi ya sa ya faɗa kan adadin Newton. Lanƙwasar sarari ita ce rabin da ya ɓace. Ga abubuwa masu tafiyar hawainiya in an gwada su da haske, irin su duniyarmu da ke gudun kilomita 30 a sakan, wannan rabi na biyu kusan ba ya tasiri, kuma wannan ne dalilin da dokar Newton ta yi shekara ɗari biyu tana faɗin gaskiya a kan tafiyar duniyoyi. Haske kuwa, saboda tsananin gudunsa, rabin biyu suna kama shi daidai wa daida. Jimla sakan 1.75. A maƙalar 18 ga Nuwamba da ya bayyana sabon adadin, ya kuma warware wata tsohuwar matsala: 'yar gocewar sakan 43 a kowace shekara ɗari da falakin duniyar Uɗarid ke yi, wadda lissafin Newton ya kasa bayyanawa.

Ana tsakiyar yaƙi, takardun Jamus ba sa shiga Ingila. Willem de Sitter na Leiden, a Holan da ba ta shiga yaƙin ba, shi ya tura wa Eddington bayanin ka'idar a 1916. Eddington gwani ne a lissafi, ya fahimce ta, ya kuma rungume ta. Mabiyin ɗariƙar Quaker ne, masu ƙin ɗaukar makami, kuma yana cikin 'yan tsirarun da suka ƙi yarda a yanke hulɗa da masanan Jamus. Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya duba jadawali ya ga cewa husufin 29 ga Mayu 1919 dama ce da ba a cika samu ba: zai daɗe, kuma rana za ta kasance a gaban tarin taurari masu haske na Hyades, a burujin Saur, maƙwabtan Kaza da 'Ya'yanta. Ya samo fam 1,000 daga gwamnati. Da hukuma ta taso Eddington gaba a 1918 kan batun aikin soja, Dyson ya sa baki, aka ɗaga masa ƙafa don ya jagoranci tafiyar.

Aka raba ayari biyu, don in gajimare ya ɓata wa ɗaya, ɗayan ya tsira. Andrew Crommelin da Charles Davidson na Greenwich suka nufi Sobral a arewa maso gabashin Birazil, Eddington da Cottingham suka nufi Principe. Dabarar ita ce a ɗauki hoton taurarin a kan farantan gilashi lokacin husufi, sannan a ɗora shi a kan hoton taurarin nan da aka ɗauka da dare a wasu watanni, lokacin da rana ba ta wajen. Tunda hasken ya karkato wajen rana, ido zai ga tauraron kamar ya matsa nesa da ita, kuma gusawar tana raguwa gwargwadon nisan tauraro daga rana. A kan gilashin, sakan ɗaya na kusurwa bai wuce kashi ɗaya cikin 60 na milimita ba. In zafi ya ɗan sauya tsawon bututun na'urar, ko madubi ya ɗan motsa, kuskuren zai iya haɗiye abin da ake nema.

A Principe ruwan ya ɗauke wajen tsakar rana, amma gajimare bai washe ba. Eddington ya ɗauki hoto 16, yana sauya faranti, ba shi da sukunin ɗaga kai ya kalli husufin sosai. Biyu kaɗai suka nuna taurarin da za a iya aunawa, taurari biyar-biyar. A Sobral sama ta buɗe ana dab da farawa, sai dai babbar na'urarsu ta ba da hotuna dishi-dishi, abin da suka danganta da zafin rana da ya taɓa madubinta. Ƙaramar na'ura mai gilashin inci huɗu, wadda aka tafi da ita don ko-ta-kwana, ita ta fitar da su kunya da hotuna bakwai masu kyau.

Bayan watanni ana awo, ƙaramar na'urar Sobral ta ba da 1.98, farantan Principe 1.61, babbar na'urar Sobral kuma 0.93, wanda aka ajiye gefe saboda lalacewar hotunanta. Ranar 6 ga Nuwamba 1919, a taron haɗin gwiwa na Royal Society da Royal Astronomical Society a Landan, ƙarƙashin shugabancin J. J. Thomson, hoton Newton na rataye a bango, Dyson ya sanar da cewa sakamakon ya goyi bayan Einstein. Washegari jaridar Times ta kira abin juyin juya hali a kimiyya. Shekara ɗaya kacal da tsayar da yaƙi, ga masanan Ingila sun ƙetare teku sun gaskata mutumin Berlin a kan gwarzonsu na gida. Cikin kwanaki sunan Einstein ya zagaye duniya.

Gardama ba ta mutu nan take ba, kuma daidai ne da ba ta mutu ba, domin awon 1919 yana da kuskuren da ya kai kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari. Wata sukar ta ƙiyayya ce: a 1921 Philipp Lenard, wanda daga baya ya zama ɗan gaban goshin 'yan Nazi, ya sake buga maƙalar Soldner don ya nuna wai Einstein kwafa ya yi, alhali adadin Soldner rabin na 1915 ne. Wata kuwa ta masu neman ƙarin hujja ce. Campbell, wanda yake da shakku, ya je Wallal a yammacin Ostareliya don husufin Satumba 1922, shi da Robert Trumpler, suka auna taurari masu yawa, suka sami 1.72. Freundlich ya sami fiye da 2.2 a Sumatra a 1929, ya dage cewa adadin Einstein ya yi kaɗan. A Kartum ta Sudan, ranar 25 ga Fabrairu 1952, George Van Biesbroeck ya sami 1.70. A Chinguetti ta Muritaniya, a husufin 30 ga Yuni 1973 da inuwarsa ta ratsa arewacin Nijar da Cadi, ayarin Jami'ar Texas ya yi fama da ƙurar hamada ya sami 1.66. A 1980 wasu masana falsafar kimiyya biyu, John Earman da Clark Glymour, suka zargi ayarin 1919 da son zuciya wajen jefar da farantan da ba su yi musu daɗi ba. Amma a 1979 an riga an sake auna farantan Sobral a Greenwich da injin zamani, waɗanda aka jefar ɗin suka ba da 1.55, kusa da Einstein, nesa da Newton.

Abin da ya rufe bakin kowa daga igiyar rediyo ya fito. Akwai wasu maɓuɓɓugan haske masu tsananin nisa da ake kira kwasa, kuma rana tana giftawa ta gaban ɗaya daga cikinsu, 3C 279, kowane watan Oktoba. Na'urorin rediyo ba sa jiran husufi, hasken rana ba ya makantar da su. A tsakiyar shekarun 1970 sun tabbatar da adadin Einstein da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da aka haɗa na'urori na nahiyoyi daban-daban suna aiki tare, kuskuren ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu.

Daga nan abin da ake gwadawa ya zama abin da ake aiki da shi. A 1936 Einstein ya rubuta 'yar gajeriyar maƙala cewa tauraro na iya tattara hasken wani da ke bayansa har ya zama zobe, amma bai sa ran za a gani ba. Fritz Zwicky ya ce a 1937 a nemi abin a wajen manyan gungun taurari, masu nauyin rana biliyoyi. A 1979 Dennis Walsh da Robert Carswell da Ray Weymann suka ga kwasa biyu dab da juna masu kama ɗaya sak, aka gane guda ce, wani gungun taurari da ke tsakani ya raba haskenta hanya biyu. Yau da wannan lanƙwasa ake auna nauyin abin da ido ba ya gani a sammai, da ita ake gano duniyoyin da ke kewaya taurari masu nisa, ita ce kuma ta zana zoben haske a hoton baƙin rami (jikin da nauyinsa ke hana haske fita) na gungun taurarin M87 da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019. Kumbon Gaia na Turai, wanda ya auna matsayin taurari sama da biliyan ɗaya, sai da aka riƙa cire karkatar da rana ke jawowa daga kowane awonsa, ko da tauraron yana can nesa da ita a sararin sama.

Gwajin asali ma ya sauko hannun masu sha'awa. A husufin 21 ga Agusta 2017, Donald Bruns ya kafa ƙaramar na'ura da kyamarar zamani a kan wani dutse a jihar Wyoming ta Amurka, shi kaɗai, ya sami 1.75 da kuskuren kusan kashi uku cikin ɗari, awon da ya fi na duk ayarin husufi da suka gabace shi kyau. Husufin 2 ga Agusta 2027, wanda inuwarsa za ta bi ta arewacin Afirka, ta Luxor a Masar, ta ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda da Makka, duhunsa zai haura minti shida a wajen Luxor, a yankin da gajimare ke da wuyar gani a watan Agusta. Ɗaliban kowace jami'a da ke da na'urar hangen nesa matsakaiciya da kyamara mai kyau suna iya maimaita awon a can.